Awa Ɗaya da Rabi Daga Panya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Ɗanladi, ƙanen Turai, ya bar Dingaya ya bi masu ɗaukar lebura zuwa Panya, wani tsibiri can cikin teku inda ake noman koko. Ana cikin sussukar dawa rediyo ya ce zama ya ɓaci a can, gwamnati na kwaso mutanenta. Ba a jima ba wasiƙa ta zo ta hannun Malam Hamisu, ɗan baffansu mai koyarwa a Birnin Kudu: an sa sunan Ɗanladi cikin waɗanda jirgin sama zai ɗauko ranar Alhamis.

Turai ta bar sussuka, ta hau mota a Gwaram, ta sauka gidan Malam a Birnin Kudu. Ya shimfiɗa taswira a kan tabarma, ya yanko zare ya gwada.

"Kin ga, Yaya Turai, nan ne garin da suke. Nan kuma Ikko, ita ma ruwa ya kewaye ta. Mil ɗari huɗu da 'yan kai ne. Awa ɗaya da rabi, sun sauka."

"Awa ɗaya da rabi? Ai ban gama daka ba ke nan."

Ba ta tsaya jin sauran bayanin ba. Ranar Juma'a ta dama fura ta tafi tasha, ta samu gindin bishiyar maina ta zauna. Motocin Kano na tsayawa, tana miƙewa ta duba fuskoki, ta koma ta zauna. Furar ta yi tsami ta ba masu dako. Asabar ma haka. Da aka yi mako, gwiwoyinta suka daina yarda da miƙewar, sai dai ta ɗaga kai kawai. Mijinta ya aiko cewa dawa na nan zube, awaki sun fara ɓarna. Ta ce gobe.

Rana ta goma sha biyu, bayan azahar, wani mutum ya sauko daga bayan tirela da ƙullin kaya a hammata. Ya rame, furfura ta cinye masa gemu. Da yanayin tafiyarsa ta gane shi.

"Ɗanladi?"

"Yaya."

Ya zauna a ƙasa kusa da ita. Ta yi zaton za ta yi kuka, amma ko hawayen bai zo ba.

"An ce mini awa ɗaya da rabi."

"Haka ne. Ban gama gyara zama ba aka ce mun iso. Sai muka kwana shida a wani fili ana rubuta sunaye. Jirgin ƙasa ya lalace da mu a Jebba. A Kano kuma babu mai, motoci sun yi layi." Ya shafa fuska. "Inna fa?"

"Shekara huɗu ke nan da rasuwarta."

Ya yi salati a hankali.

Da la'asar suka samu motar hatsi mai komawa Gwaram. Tun kafin su fita gari barci ya kwashe shi a kan buhunan da babu komai, kansa na bugun katako duk ramin da suka faɗa. Turai ta kwance mayafinta ta naɗe ta tura masa ƙarƙashin ƙeya. A Gwaram sai da direba ya taya ta tashinsa, ga kuma sauran tafiyar ƙafa zuwa gida.