Motar da Ba Ta Sallama

Allon na'urar caji ya nuna kashi goma sha ɗaya. Nagoggo ya zaga motar lantarkin da yake tuƙawa, ya taɓa igiyar, ya ƙara danna kanta cikin ramin, ya dawo ya duba. Goma sha ɗaya.

A saman rumfar an rubuta da manyan baƙaƙe cewa caji ne na gaggawa, minti ashirin mutum ya kama hanya. Shi kuwa ya haura minti arba'in a tsaye, ya kasa zama, ya kasa jingina.

A kujerar gaba akwai wata leda da aka ɗaure da zare. Likkafanin Goggo Zubaida ne a ciki, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi tun yana jariri har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Shekara shida ke nan da ta dawo daga Makka da yadin, ta jiƙa shi da zamzam tun a can. Ta ba shi ajiya saboda gara ta addabi ɗakinta. "Ranar da aka kira ka," in ji ta, "kada ka zo ba shi."

Yau da hantsi aka kira shi, yana hanyar dawowa daga Katsina da fasinjojin kamfani. Kafin ya sauke su a Daura, ya biya gida ya ɗauko ledar, batir ya koma kashi shida. Ƙauyensu kuwa yana can gaba da Baure. Sai da kashi talatin da biyar motar za ta kai shi.

"Baba Harisu, anya abin nan naku lafiya yake?"

Dattijon da ke kula da wurin ya ɗago daga bencinsa. Shekara talatin yana sayar da fetur a nan kafin a kafa na'urar.

"Lafiyarsa ƙalau, rabo yake yi." Ya nuna wata ƙatuwar baƙar mota da ke maƙale da ɗaya igiyar. "Waccan ta riga ka, kuma ta fi taka ciki. Ga rana. In ya ji zafi sai ya riƙa lallaɓawa kamar ni."

"A cire ta mana, ko na minti goma ne."

"Ta kulle igiyar da kanta. Mai ita ya kai baƙinsa su ga rijiyar Kusugu, makullin na aljihunsa."

Waya ta yi ƙara. Mahdi ne, yayansa.

"Kana ina? An gama kabari, mata sun gama yi mata wanka. Liman ya ce da an sallame la'asar ba a jiran kowa."

"Yaya, ina nan tafe."

"Tun ɗazu kake tafe. In ba ka iso ba zan sa a yanko yadi a kanti."

"Ta ce wannan take so."

"To kawo shi mana! Ba kai ne mai motar da ba ta shan mai ba?"

Mahdi ya kashe wayar. Allon ya koma goma sha uku.

Goggo ba ta taɓa yarda ta shiga motar nan ba. Ranar da ya fara kai ta ƙauye don ta sa albarka, har ya tsaya a ƙofar gida ba ta ji isowarsa ba, sai ganinsa ta yi a kanta tana tsintar wake. Ta dafe ƙirji. "Wannan wace irin mota ce da ba ta sallama? Ni na fi son abin hawan da zan ji shi tun daga bakin rafi, in tashi in ɗora maka ruwa."

Ya yi tunanin tasha. Motar Baure ba ta tashi sai ta cika, daga Baure kuma ba mai shiga ƙauyen sai ranar kasuwa. Ga dokar kamfani: direba ba ya barin mota a kan caji. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inuwar rumfar da ta soma miƙewa gabas. Ya buɗe ƙofa, ya ɗauki ledar, ya mayar, ya sake ɗauka.

"Ɗana, me ke cikin ledar nan da kake ta jagwalgwala ta?"

Ya gaya masa. Baba Harisu ya yi salati a hankali. Ya daɗe yana lalube a aljihun rigarsa, sannan ya zaro makulli ɗaure da jan tsumma, ya nuna wani tsohon babur a gindin darbejiya.

"Salansarsa ta fashe. Birkin baya ne kaɗai ke ci. In ya mutu maka, girgiza shi ka tura."

"Baba, motar fa?"

"Ina za ta je? Ko rarrafe ba ta iya yi."

"Amma ko gidanmu ba ka sani ba."

"Kai, tafi. Ni ma nawa likkafanin yana hannun wani."

Nagoggo ya cusa ledar cikin rigarsa, ya ɗaure ta a ƙirji da rawanin da dattijon ya miƙo masa. Sau biyar ya buga kafin babur ɗin ya tashi da wata irin ƙara, har tattabarun kan rumfar suka watse. Bai sake waiwayar allon ba.

Ya wuce Baure rana ta karkata, idanunsa na zubar da ruwa, bai san ko iska ce ba. Da ya gangara bakin rafi, sai ya hango mutanen da ke zaune a ƙofar gida sun soma miƙewa ɗaya bayan ɗaya, suna duban hanya. Tun daga nan suka ji shi. Duk ƙauyen ya ji shi.

Ya rage gudu kaɗan, ya dubi saman katangar Goggo, wajen madafa. Babu hayaƙi.