Karen Kofur

"Na faɗa maka ba nawa ba ne, Yaya."

"To in ba naka ba ne, mi ya hana ka buɗe shago? Tun sahe kana tsugune kana lalubar hammatar kare kamar ungozoma."

Sagir bai ɗago ba. Yana durƙushe a bayan gidansu na Ƙofar Guga, inda garken tumakin marigayi babansu yake a da, hannunsa a ƙarƙashin ƙafar Duna ta gaba. Wansa Almu na tsaye nesa kaɗan, ya tattare rigarsa sama kada jelar karen ta shafe ta.

Abin yana nan inda ya bar shi jiya. Ƙullutu ne mai tauri, in an danna sai ya zille ƙarƙashin fata. Farkon damina kamar gyaɗa yake. Yanzu ya kai ƙwallon goruba, kuma karen ya fara ɗingishi.

Duna karen Kofur Samuel ne, sojan da ya yi shekaru yana haya a ɗakin da ke jikin zaurensu. Mutumin Filato ne, direban wani hafsa, mai dariya da ƙarfi. Shi ya fara nuna wa Sagir cikin rediyo, har gyaran ya zame mashi sana'a bayan ya gama sakandare bai samu aiki ba. Da sojoji suka miƙa mulki aka kwashe su, Kofur ya shigo har tsakar gida ya durƙusa gaban Inna Baraka. Ya ce, "Mama, amana. In na samu wuri zan zo in ɗauke shi." Inna ta ce Allah ya ba su ikon riƙewa. Daga ranar ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wasu sun ce yana Jos, wasu sun ce an tura su Saliyo.

Lokacin da kakin Kofur ke shanye a igiya, ba wanda ya taɓa ɗaga murya a kan karen. Har ƙashi mahauta ke aiko mashi. Da kakin ya bar igiya sai duwatsu suka fara faɗowa ta katanga.

"Tumaki ba mu da su," in ji Almu. "Gona ba mu da ita. Farauta ba ka zuwa. Jiya wani daga ofishin jam'iyya shina nemana, ka san kwatancen da aka yi mashi? Gidan kare. Ni, sakataren matasa na unguwa."

"Ai ya same ka."

"Kada ka raina mani hankali. Akwai 'yan farauta a Batagarawa, na yi magana da su."

"Mai ɗingishi za su kai daji?"

"Su dai san yadda za su yi da shi."

Sagir ya san yadda za su yi da shi. Ya cire hannunsa, Duna ya juyo ya lashe mashi yatsu. Almu ya yamutsa fuska.

"Ku rage murya, maƙwabta na ji," in ji Inna daga bakin madafi. Ba ta iso inda suke ba, ba ta taɓa isowa. "Sagir, yayanka na da gaskiya. Kai ma kana da taka. Abin da aka danƙa mani amana ba ni korar shi, ko mi za a ce. Amma ban haifi mai kiwon kare ba. Ran da na ji an ce na ɗan gidan nan ne, ran nan ya bar mani gida."

Ta koma ciki. Almu ya kaɗa makullin babur ɗinsa ya fita.

Sagir ya wanke hannu da sabulu da toka, ya je ya buɗe shago. Ya kwance bayan wata rediyo, ya zauna yana kallon cikinta. Ya mayar da murfin. Ya sake kwancewa. A ta maƙwabcinsa ana ta karanto sunayen sababbin kwamishinoni. Yatsunsa ba su daina jin taurin abin nan ba, har ƙwallon da ke jikin abin murɗa tasha sai da ya danna. A bar shi, ko a taɓa shi? In Kofur ya dawo ya tarar da kabari fa? In ya dawo ya tarar da ƙafa ta ruɓe, an zuba ido ana kallo fa? Ya ja ƙofar shagon ya nufi unguwar Gobarau.

Babaji wanzami na zaune a inuwa yana wasa aska, zabirarsa a buɗe a gefe. Shi ya yi wa Sagir askin suna, shi ya yi mashi kaciya. Suka gaisa har gajiya da damina da mutanen gida.

"Baba, wani ne a gidanmu ƙullutu ya fito mashi a hammata."

"Da zahi in an taɓa?"

"Babu."

"Shina motsi ko ya kama nama?"

"Yana motsi."

"To da sauƙi. In mai ruwa ne a tsaga, in ƙari ne a ciro shi da saiwarshi. Yaro ne ko babba?"

"Babba ne." Sagir ya kalli ƙasa. "Ƙafarshi huɗu."

Babaji ya tsayar da askar. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, sannan ya waiga hagu da dama ya rage murya.

"Karen sojan nan? Ɗana, da askar ga nake wa jarirai aski ran suna. Ran da aka ji ta hau jikin kare, sai dai in rataye zabira in koma sayar da goro."

"In sayo sabuwa."

"Hannun ma sabo za ka sayo mani?"

Sagir ya miƙe zai tafi.

"Ji nan," in ji Babaji. "Na ga ƙarin da aka taɓa ya tashi kamar an zuba mashi taki. Na ga wanda aka bari ya ci mai shi. Na ga wanda aka bari, har mai shi ya tsufa ya mutu abin na nan shiru."

"To wanga wanne ne?"

"Ka kai shi gun masu duba shanu. Kuma ba ka zo nan ba."

Washegari da hantsi ya fito da Duna bakin titi. Ɗan acaba na farko ya rage gudu, ya ga karen, ya ƙara wuta. Na biyu ya ce ko a buhu aka sa shi ba ya ɗauka. Mai tasi bai ma tsaya ba. Duna ya bi shi da ƙafa har kwanar gidan bulo, daga nan ya zauna ya ƙi tashi, yana lasar wurin. Sagir ya shiga ya ari baro wajen Mamman mai bulo, ya shimfiɗa buhun siminti, ya ciccibi karen ya aza. Bai san yana da nauyi haka ba, bai kuma san haƙarƙarinsa sun fito haka ba.

Tayar baron na kuka, duk wanda ke bakin hanya sai ya juyo.

"Sagir, amarya ka ɗauko?"

"Na Kofur ne."

A majalisar masu shayi wani ya miƙe ya sara wa karen irin na soja. "Ranka shi daɗe, Kantoma. An sauka daga mulki an koma baro?"

Aka kwashe da dariya. Sagir ya ce, "Ba nawa ba ne," amma ba wanda ke saurare. Duna ya aza haɓarsa a bakin baron yana kallon gari kamar wanda ya biya kuɗin mota. Gumi na bin bayan Sagir. A wani gangare ya tsaya ya yi tunanin juyawa. Wataƙila kitse ne kawai. Wataƙila Kofur na hanya. Ya sa hannu ya taɓa, abin ya zille, karen ya yi ɗan ƙara a maƙogwaro. Jiya bai yi wannan ƙarar ba. Ya ɗaga baron ya ci gaba.

Bai yi nisa ba ya ji babur a bayansa.

"Har ofis aka je aka faɗa mani," in ji Almu, yana tafe a hankali gefensa. "Ko buhu ba ka iya rufa mashi ba?"

"Zafi ake."

"Mu tahi. Ni ma ina son in ji da kunnena. In likita ya ce ba shi tashi, magana ta ƙare."

Asibitin dabbobi cike yake da warin kashin shanu da na magani. Fulani na zaune gindin darbejiya da sandunansu, wata tsohuwa na riƙe da akuya mai zawo. Kowa ya janye ƙafa da baron ya shigo. Likitan, Dakta Sammani, siriri ne mai gilashi, rigarsa duk tabon aidin. Bai yamutsa fuska ba. Ya ce a aza karen a tebur, ya ɗaure mashi baki da tsumma, ya buɗe mashi ido ya duba, ya duba haƙora. Sannan ya kama ƙullutun da yatsu ya juya shi a hankali.

"Tun yaushe?"

"Farkon damina. Kamar gyaɗa yake lokacin."

"Ya yi sauri."

"Mi ne, likita?"

"Daga waje ba ni iya sani. Yana iya zama kitse, yana iya zama mugun ƙari. Sai an ciro an aika Zariya a duba. Yanzu bai kama nama ba, fiɗar mai sauƙi ce. In ya kama, ko ka kawo ba abin da zan yi." Ya shafa bayan karen. "Amma kada in ɓoye maka. Tsoho ne. Allurar barcin da zan yi mashi, wani yana farkawa, wani ba ya farkawa."

Sagir ya dubi karen. Ya ji bakinsa na shirin cewa a yi.

"Ka ji ko?" in ji Almu daga bakin ƙofa. "Kuma karen soja ne, likita. Ajiya aka ba mu."

Dakta Sammani ya ɗauke hannayensa daga jikin karen kamar ya taɓa tukunya a wuta.

"Na soja?"

"Ba ya nan," in ji Sagir. "An kwashe su."

"Akwai shekarar da aka kawo mani karen wani hafsa, ya riga ya ci guba, ya mutu a tebur ɗin nan. Ka ga filin can inda shanu suke? Nan na yi tsallen kwaɗo, ma'aikatana na kallo, masu akuya na kallo."

"Ai sun koma bariki, likita."

"Barikin ba ta da ƙofar fita ne?" Ya cire gilashin ya goge. "Ni dokata ɗaya ce tun ranar. Mai dabba ya tsaya gabana ya ce tashi ce, ya ce in yanka. In ta mutu, shi da Allah. Ɗan aike ba ya sa ni ɗaukar wuƙa."

Ya kwance tsumman. Duna ya ja jiki zuwa bakin tebur, ya tura hancinsa cikin hammatar Sagir ya bar shi a nan, jelarsa na bugun ƙarfen a hankali. Likitan ya tsaya yana kallonsu.

"Sai dai ni ban ga alamar wanga kare yana jiran wani soja ba."

Almu ya daina kaɗa makulli. Ya shigo ciki sosai, ya jingina da bango, ya harɗe hannu, idonsa a kan bakin ƙanensa. Sagir ya san duk abin da ya fito daga nan zai riga shi isa madafin Inna. Numfashin karen na ɗumama mashi riga. Ƙarƙashin tafinsa abin na nan, mai tauri, yana zillewa. A waje wata saniya ta yi kuka, wani Bafulatani ya leƙo ta taga.

Dakta Sammani ya mayar da gilashinsa, ya jawo farantin almakashi kusa, amma bai buɗe ba.

"Samari, shanu na jirana. Karen nan na waye?"