Layin da Ba na Zarto Ba

Da Auta ta ɗaga takardar da Baba ya yi zane a kai, sai ta ga shatin layukansa ya fito a takardu uku na ƙasa. Shekara talatin yana aikin kafinta, fensirinsa mai faɗi maƙale a bayan kunne, kuma layi ɗaya ya sani: wanda ake ja da ƙarfi, sau ɗaya, zarto ya bi.

Ita ta jawo masa wannan aiki. Tana da shekara uku mahaifiyarta ta rasu, hoton marigayiyar ɗaya tak da ke cikin akwati kuwa yoyon rufi ya cinye fuskar, sai ɗankwali da kafaɗa suka rage. Auta malamar zane ce a firamare, amma ba ta iya zana abin da idonta bai riƙe ba. Ta sha zaunar da Baba ya kwatanta mata, amsarsa ba ta wuce cewa kyakkyawa ce, kuma ba ta son hayaniya. Ga shi ya fara mantuwa, sai ya yi ta neman tef ɗin awo alhali yana aljihunsa. Shi ya sa ta tura masa takarda, ta ce tunda fuskar a cikin kansa take, hannunsa ne zai fito da ita.

Kowace Asabar da hantsi suke zama a teburin falo. Fuskar farko ta fito kamar ƙofar kabad. Ya goge, ya sake dannawa, har takardar ta huje, ya ce takardun zamani ne ba su da ƙwari.

"Baba, ba yankawa za ka yi ba fa."

"To malama, in ban danna ba wa zai gani? Wannan fensirin naki kamar tsinken sakace."

Ta nuna masa ya riƙe shi daga can ƙarshe, ya fara da siffar ƙwai, ya ja layin idanu a tsakiya. Nan ma gardama ta tashi, ya ce idanu a sama suke, kowa ya sani. Ta miƙa masa tef ɗinsa, ta tsaya cak. Sau biyu ya auna fuskarta kafin ya yi gyaran murya ya ce ashe haka ne. Amma dannawar ta ƙi barinsa. A wurinsa, layi biyu a wuri ɗaya alamar wanda bai san aikinsa ba ne.

Wata rana ta biya ta shagonsa daga makaranta, ta tarar yana yi wa wata ƙofa fenti. Shafin tsararo ne, har ana hango jikin katakon. Ta tambaye shi me ya hana ya lafta sau ɗaya ya huta. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce zai zuba ne ya ɓata aikin. Ana shafa kaɗan, a duba, a ƙara. Auta ta tsura masa ido. Can burushin ya tsaya a hannunsa.

"Abin da kike ta nufi ke nan? Ai da kin faɗa da bakin kafinta."

Asabar ɗin da ta biyo, layukansa sai an sunkuya ake ganinsu. Ya ja haɓa sau biyar, bai goge ko ɗaya ba, ya zaɓi wanda zuciyarsa ta yarda da shi ya ƙara masa baƙi. Ya kwantar da fensirin ya shafa inuwa a ƙarƙashin wuya, ya bar goshin fari fat. A Asabar ta uku ya daɗe a kan girar hagu, sannan ya juyo mata da takardar.

Girar ta ɗan fi ta dama ɗagawa. Ita ce wadda Auta ke gani a madubi kullum da safe, take ta fama da jagira don ta daidaita ta. Ta sa hannu ta taɓa tata. Bakin bai gama fitowa ba, layuka uku ne a kwance suna jira.

Ta ɗago za ta tambaye shi wanne ne a ciki, sai ta ga kujerar ba kowa. Fensirinsa mai faɗi na kan tebur. Ta taga ta hango shi ya nufi ƙofar gida a hankali, siririn fensirinta maƙale a bayan kunnensa.