Gurbi Shida

Makarantar garinsu Zulaihatu a aji uku na ƙaramar sakandare take ƙarewa. Daga nan yarinya sai gida. Shi ya sa da wata ƙungiya ta sa gasar kalmomin Turanci a Isa, ta ce wadda ta zo ta ɗaya za a kai ta makarantar kwana a Sakkwato, Zulaihatu ta rungumi ƙamus har bangonsa ya rabu da shi. Mutum ɗaya za a ɗauka. Ba biyu ba.

Ranar gasar aka zaunar da su a wani aji, su Zulaihatu 'yan Sabon Birni gefe guda, 'yan Isa gefe guda. Takardar kamar filin dara take, gurabe a jere, wasu a tsaye wasu a kwance. Ka karanta bayani, ka nemo kalmar da ake nufi, ka zuba harafi ɗaya a kowane gurbi.

Kalmomin suna ta zuwa mata. Sai ga ta ƙarshe, gurbi shida a kwance. Bayanin ya ce: Gobirawan da suka ci gaba da yaƙi bayan Alƙalawa ta faɗi a lokacin jihadi. Kalmomin tsaye sun riga sun ba ta harafi biyu, E a gurbi na biyu, S a na ƙarshe.

Har murmushi ta yi. Ai wannan tun tana ƙarama take jin sa a bakin kakanta Bawa, yadda kakanninsu suka bar birni yana cin wuta, suka ƙi miƙa wuya shekara da shekaru, har suka kafa sabon gari. Ta rubuta HEROES, wato jarumai. Kowane harafi ya zauna daram. Ita ta fara miƙa takarda.

Bayan azahar Malam Atiku, mai duba takardun, ya kira mutum biyu, ita da wata Fadima 'yar Isa.

"Ku biyu kun cike komi daidai," in ji shi, "in ban da kalma guda da kunka bambanta. Zulaihatu, mi kinka rubuta nan?"

"Jarumai, Malam."

Fadima ta rufe baki da mayafi. "Su Bagobira! Ke da kakanninki har cikin jarrabawa?"

Malam ya harari Fadima, sannan ya juyo da takardar amsoshi. REBELS. Zulaihatu ta ƙirga da yatsa. Shida. E na biyu, S na ƙarshe. Ta san kalmar sarai, tana ma tuna shafin da take. 'Yan tawaye. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa da mutanenta ake ba.

"Malam, tawa ma ta shiga," ta ce, muryarta can ƙasa. "Duba, ba ta ɓata ko harafi guda ba."

"Na gani."

"To, wace ce ba daidai ba?"

Malam Atiku ya cire tabarau ya murza idanu. Ɗan gidan malamai ne, kuma kowa ya san ɓangaren masu jihadi kakanninsa suka tsaya a wancan yaƙi.

"Ɗiyata, ba ni na rubuta amsar ga ba. Daga Sakkwato anka aiko ta da hatimi."

"A buga musu waya mana, Malam. Don Allah."

Ya fita da wayar. Ta taga tana hango shi yana magana yana nuna takarda da hannu, kamar na can ɗin yana ganinsa. Da ya dawo bai dube ta ba. Ya ce sun ce abin da ke rubuce shi ne amsa. Ya rubuta sunan Fadima.

Fadima ba ta ƙara dariya ba. A bakin ƙofa ta ce, "Wallahi ni haddace ta na yi, ban ma san mi take nuhi ba sosai." Zulaihatu ta gyaɗa kai kawai.

La'asar sakaliya ta isa gida. Bawa na zaune gindin bishiyar bedi yana tufkar igiya.

"Uwar Turawa! An ci gari?"

"Ban ci ba, Kaka. Kalma guda ta kashe ni."

"Wace kalma?"

Ta so ta yi ƙarya, ba ta iya ba. Ta faɗa masa bayanin, da abin da ta sa, da abin da ake so ta sa.

Tsohon ya daina tufka. "Tawaye? Wa munka yi ma tawaye? Garinmu anka ci."

"Haka takarda ta ce."

"To ai kin yi daidai."

"Na yi daidai, Kaka, amma Fadima za ta tahi."

"Baɗi fa?"

"Sau guda anka yi. Kuma baɗi na wuce shekaru."

Bawa ya ajiye igiyar. Daga cikin gida innarta ta ƙwala kira, ta ce tunda an dawo, ga gero can yana jiran sussuka. Zulaihatu ta tuɓe rigar makaranta, ta ɗaura zane, ta ɗauki taɓarya.