Ranar da Gawar Mahauci ta Tare Hanya

A shekarar nan da birnin Rum ya yi Kaisar uku tsakanin shuka da girbi, babu wanda ya sha wahala kamar masu shela. Soja dai nasa mai sauƙi ne, a nuna masa wanda zai sara ya sara. Mai shela kuwa sai ya tashi da safe ya tambayi maƙwabta wa ke mulki yau kafin ya buɗe baki.

Numeriyus shi ne mai shela a filin tseren karusa. Ya daɗe yana kirarin tsohon Kaisar har sunan ya yi saiwa a harshensa. Dakarun fada suka kashe tsohon, suka naɗa wani, suka gaji da shi, suka naɗa na uku. Majalisar dattawa, wadda jiya take rantsuwa da tsohon, ta la'anci sunansa, aka kankare shi daga duwatsu, aka fille kawunan gumakansa. Ranar da sabon Kaisar ya fito kallon tsere karo na farko, Numeriyus ya cika ƙirji da iska, ya jero kirari mai daɗi, ya rufe da sunan mamacin. Da jama'a sun yi shiru da abin ya zo da sauƙi, amma wasu marasa aikin yi a kujerun sama suka tafa. Kafin dawakai su gama zagaye an ɗaure shi, aka yanke masa hukuncin kisa, za a zartar a bayan gari, wajen Ƙofar Eskwilin.

Uwarsa Sabidiya ita ce shugabar mata masu kukan haya. Doguwa ce, busasshiya, mai faɗa kamar zakara, kuma duk babban gidan da aka yi mutuwa ita ake aika wa, don ita ta san inda ake jan murya da inda ake yaga riga. Ta bi gidajen manyan da ta yi wa iyayensu kuka ɗaya bayan ɗaya, tana neman mai ceton ɗanta. A gidan wani ɗan majalisa mai gadi ya ce mata maigida ya tafi gona, alhali tana jin tarinsa daga zaure. Ta koma gida da baƙin ciki da tsoro, don ɗan nan shi kaɗai gare ta.

Hanya guda ta rage, kuma ko ɗan goye a Rum ya san ta. Idan ana jan mutum zuwa wurin kisa ya yi kiciɓis da ɗaya daga cikin Budurwoyin Wuta, masu tsaron wutar allahiya Besta, wutar da ba ta mutuwa, to a nan take za a kwance shi, ko Kaisar bai isa ya ce uffan ba. Amma sai budurwar ta rantse cewa haɗuwar ba shiri ba ce. Ke nan mutum guda da za ta iya ceton ɗanka ita ce wadda ba ka isa ka roƙa ba. Kakannin Rumawa sun iya ƙulla abu.

Sabidiya ta san titunan Rum kamar tafin hannunta. Ta san da hantsi ake ɗaukar Budurwa Obiniya a kujerarta mai labule zuwa ɗebo ruwan tsarki, ta Titin Masu Turare. Ta san 'yan kaso kuma ta Titin Masu Takalma ake bi da su, kuma lungu ɗaya ne ya haɗa titunan biyu. Sannan ta san ba a ratsa jana'iza da mai tsaron wuta, don kada ƙazantar mutuwa ta taɓa ta. Abin da take nema gawa ce, sai ga mahauci Petiliyus ya mutu.

Ta tarar da matarsa Balbina zaune kusa da gawar tana kore ƙuda da mafici, an juya ƙafafun mamacin wajen ƙofa yadda aka saba. Sabidiya ba ta yi kwana-kwana ba, ta faɗa mata komai.

"Wato so kike in ajiye shi har ranar da za a fita da ɗanki," in ji Balbina. "A zafin nan?"

"Zan kawo turare."

"Turaren duniya ba zai ishe shi ba, 'yar'uwa, da ransa ma ya ya aka ƙare." Ta dubi gawar, ta ja tsaki. "In aka gano fa?"

"Kaina da naki."

Balbina ta ci gaba da fifita. Can ta ce, "Mutumin nan tun da na aure shi bai taɓa yi wa kowa ƙari ba, ko na ƙashi. Bari ya yi alheri sau ɗaya, ko ba da son ransa ba."

Ranar ta zo. Sabidiya ta fito da jana'izar da ko babban kwamanda sai haka: masu busa ƙaho a gaba, masu sarewa, mata masu kuka da gashi a warware, mahautan unguwa ɗauke da makara suna kawar da hanci, ga kuma ɗan kwaikwayo sanye da fuskar kakin zuma irin ta mamacin, yana tafiya irin tasa. A tsakiyar Titin Masu Turare, inda hanya ta fi matsewa, ta ɗaga hannu aka sauke makara. Ba a jima ba sai ga dogarin Budurwa da damin sandunansa a kafaɗa, kujerar na biye da shi.

"Ku ba da hanya," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ta ina?" in ji Sabidiya. "Gawa ba ta ja da baya. Ga lungu nan, ya fita Titin Masu Takalma."

Dogarin ya dubi lungun, ya ga ruwan wanki na gudu a ciki, ya yamutsa fuska. "Za mu jira ku wuce. Ku yi sauri."

Sabidiya ta saci kallon lungun. Wannan kam ba ta lissafa da shi ba. In suka tsaya nan, za a wuce da Numeriyus ta bayan gidajen nan ba wanda ya gan shi. Ta dubi Balbina, ita kuwa ta zube a ƙasa ta rungume ƙafar makara.

"Ba inda za a kai shi sai an yi masa yabo a nan," in ji ta cikin kuka. "A titin nan ya fara ganina. Wasiyyarsa ce."

Ɗan kwaikwayo ya gane. Ya hau kan dakalin wani shago ya soma kwaikwayon Petiliyus sak, yana danna ma'auni da babban yatsa, yana rantsuwa da Jufita, babban allansu, cewa naman na yau ne. Jama'a suka taru suna dariya, hanya ta ƙara cushewa. Wani mai turare ya leƙo ya ce, "Ku yi wa alloli ku ɗauke shi, ya kashe mini kasuwa."

"Kai ka ci riba," in ji Balbina. "Yau ne garin nan ya san amfaninka."

Sabidiya ta ja baitin kuka, mata suka amsa. Ba ta taɓa yin kuka irin na ranar ba, don kunnenta na can wajen ɗaya titin, kuma kowane taku da ta ji sai ta ce na sojoji ne. Muryar ta fito da wani abu da ya sa masu dariya suka yi tsit. Sai labulen kujerar ya motsa, aka ɗaga shi kaɗan. Obiniya ba yarinya ba ce, ta kusa cika wa'adinta a gidan wuta, fuskarta a gajiye ƙarƙashin farin ɗaurin ulu. Ta kawar da idonta daga makara, ta yafito Sabidiya, ita kuma ta tsaya daga nesa ta durƙusa.

"Iya, na sha jin masu kuka, ban taɓa jin irin naki ba. Mamacin ɗan'uwanki ne?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"To me ke damunki? Faɗa mini. In abin da zan iya ne, zan yi."

Ga ta nan a gabanta, mai tausayi, ta miƙo hannu da kanta. Kalma ɗaya ta isa, kuma kalmar nan ce za ta kashe shi, don Obiniya ba za ta yi rantsuwar ƙarya ba ko don ɗan Kaisar. Sunan ɗanta ya taso mata har maƙogwaro. Sabidiya ta haɗiye shi, ta share fuska da bayan hannu, ta yi murmushin 'yan kasuwa.

"Sana'a ce kawai, ranki ya daɗe. Matar ta biya da kyau."

Tausayin ya bar fuskar Obiniya, ƙyama ta maye gurbinsa. Wannan kallo ya yi wa Sabidiya zafi, amma ta daure. Iska kuma ta juyo daga wajen Petiliyus, ta kawo nata taimakon. Budurwar ta rufe hanci da gefen mayafi ta ce wa dogarinta, "Fitar da ni daga nan. Bi lungun." Labule ya faɗi, kujera ta juya.

Sabidiya ba ta isa ta bi su ba. Ta ɗaga hannu aka ɗauki makara, ta ja tawagar a hankali har bakin lungun, inda take iya hango Titin Masu Takalma. Kujerar ta fita, ba kowa a titin sai masu ɗinkin takalma da wani jaki. Ta ce a ranta an riga an wuce da shi. Sai ta ji ƙarar takalman ƙusa a kan dutse. Sojoji suka ɓullo daga kwana, Numeriyus a tsakiyarsu, hannuwa ɗaure ta baya, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Suka yi gaba da gaba da dogarin.

Wani tsoho mai ɗinki ne ya fara magana, da allura a bakinsa. "Ya haɗu da ita." Maganar ta bi titi kamar wuta a busasshiyar ciyawa, mutane suka fito daga shaguna da benaye. 'Yan jana'iza ma suka kwarara cikin lungu, suka tura Sabidiya gaba har ta ji komai da kunnenta.

Shugaban sojojin, wani mai suna Tuskus, ya sa hannu a kan takobi. "Ranki ya daɗe, wannan ɗan kason Kaisar ne. Umarni daga bakinsa ya fito."

Obiniya ta sauko daga kujera ta tsaya a kan dutsen titi. "Wane Kaisar? Na bana sun yi yawa, kai ma ka sani. Wutar da nake tsaro kuwa ita ce dai tun kafin a gina ganuwa. Kwance shi."

"Wannan shiri ne. Ba ta nan kike bi ba."

"Gawa ce ta tare ni." Ta ɗaga hannun dama, titi ya yi shiru. "Na rantse da Besta da wutarta, ban san mutumin nan ba, ban san za a bi da shi ta nan ba, kuma ba wanda ya roƙe ni komai a kansa."

Tuskus ya dubi jama'a, ya dubi 'yan sojojinsa, waɗanda tuni suka sunkuyar da kai. Ya san sarkin da takobi ya ɗora jiya ba zai fara mulki da faɗa da gidan wuta ba, kuma in abin ya ɓaci kan Tuskus za a sauke. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar da hannunsa. Titi ya ɗauki sowa, masu takalma na buga guduma a kan katako, masu ƙahon jana'iza suka manta aikin da ya kawo su suka busa na murna.

Numeriyus ya tsaya yana kallon hannuwansa kamar ba nasa ba. Da ya ɗaga kai ya hango uwarsa a bakin lungu da gashi a warware, ya buɗe baki zai kira ta da muryar nan tasa da ke cika fili. Ta zare masa ido irin na lokacin da yake yaro, ya rufe bakin. Obiniya ta bi inda yake kallo, ta ga mai kukan nan, ta dube shi, ta sake dubanta. Ta daɗe tana kallon Sabidiya, sannan ta ɗan sunkuyar mata da kai, ita da manyan gari ke kauce wa a hanya, ta koma kujerarta.

Murna ta cika Sabidiya har ta rasa inda za ta sa kanta, amma aiki bai ƙare ba. Ta juya ta tafa wa matanta. "To, kallo ya ƙare. Akwai gawa mai jiran a ƙona ta." Aka koma wajen makara. Ɗaya daga cikin mahautan ya ji an dafa kafaɗarsa, ya waiga ya ga Numeriyus.

"Matsa, ɗan'uwa, ka gaji," in ji shi. "Ni ya kamata in ɗauki mutumin nan."

Ya sa kafaɗa ƙarƙashin makarar, sawun igiya na nan ja a wuyan hannunsa. Suka bi hanyar Ƙofar Eskwilin, hanyar da aka shirya zai bi a ɗaure, uwarsa na gaba tana jan baiti, shi yana bayanta da ƙafafunsa.