Kujerar Da Ta Rage

Na ɗago kai daga gugar ƙasa daidai lokacin da wani ƙato ya damƙi kwalar Dogo ya jawo shi ta saman kanta. Kwamfuta ta faɗo, gilashinta ya tarwatse har gaban bokitina.

Dogo maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu. Shi yake duba tikiti a kantar wani ƙaramin kamfanin jirgin sama, ni kuwa shara nake yi a zauren matafiya. Ranar kamfanin ya sayar da tikiti fiye da kujerun jirgin. Kujera ɗaya ta rage, ta wata tsohuwa da cikinta ya murɗa tana kan layi. Da kunnena na ji ya ce mata, "Je ki banɗaki, Iya. Kujerarki na nan, ba mai taɓa ta."

Tana ba da baya wani ɗan kwangila ya iso da ƙarti biyu. Manaja ya zagayo yana raɗa, "Cire sunanta ka sa nasa. Gobe ma akwai jirgi."

"Ta biya, ranka ya daɗe. Kuma na riga na yi mata alkawari."

"Kamfanin naka ne?"

"A'a. Amma bakin nawa ne."

Da ƙaton ya jawo shi, a ƙasa ƙartin biyu suka tarar masa. Ɗaya ya take masa hannu, ɗayan yana zuba masa takalmi a haƙarƙari yana cewa, "Maimaita mu ji." Na ɗaga sandar gugata na rafka wa na kusa da ni. Ya juyo ya kwaɗa mini marin da ya yage mini kunne. Manaja ya shige ofis ya ja ƙofa. Kafin masu gadi su iso, jini ya cika bakin Dogo.

Ya laluba aljihu ya miƙo mini katin shiga jirgi. Ashe tuni ya buga shi.

"Yaya, ba ta. Goge jinin tukuna."

Na goge da gefen mayafina. Tsohuwar ta dawo tana gyara zani, ta karɓa, ta tambaye ni ko faɗuwa yaron ya yi. Na ce ta hanzarta, ana rufe ƙofa.

A asibiti aka ce haƙarƙari biyu ne suka karye, aka ba shi ƙwayoyi aka sallame shi. Washegari ɗan aike ya kawo takardar dakatar da shi daga aiki. Matarsa ta karanta a tsaye, ta ɗauki kofin shayinsa ta maka da bango.

"A kan matar da ko sunanta ba ka sani ba."

"Na sani mana," ya ce, yana riƙe da gefensa. "Yana jikin tikiti."

Ta yi kamar za ta yi dariya, sai kuka ya ƙwace mata.

Rana ta uku da hantsi matarsa ta buga mini bango. Na same shi durƙushe a bakin gado yana aman jini baƙi ƙirin, cikinsa ya yi tauri kamar katako. Muka ɗauke shi mu huɗu zuwa bakin titi. A cikin tasi, kansa na kan cinyarta, ya ja numfashi sau biyu ya saki hannuna. Direban ya rage gudu ba tare da kowa ya ce masa komai ba.

Bayan masu jana'iza sun watse da yamma aka fara yayyafi. Takalman aikinsa suna nan a ƙofar ɗaki inda ya tuɓe su, safa cushe a ciki. Ni da matarsa muka zauna a kan dakali muna kallo ruwa yana taruwa a cikinsu.