Ƙugu Talatin da Huɗu

Teburin layi na huɗu a masana'antar biskit ya fi sauran tebura gajarta da taƙi guda. Tare da tsohuwar na'ura aka kawo shi, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga shi. Duk doguwar macen da aka kai can, kafin sati ya zagayo ta fara kukan ciwon baya. Sai Manaja ya hutar da kansa: duk gajeriyar da aka ɗauka aiki, layi na huɗu za ta. Su biyar ne, in sun jeru suna cusa fakiti a kwali, daga bakin ƙofa hulunansu kawai ake hangowa.

Barkono ce shugabarsu, ta riƙon ƙwarya. Tsawonta ƙafa huɗu da inci goma, amma ba don ƙanƙanta kaɗai ta sami sunan ba, wanda ya taɓa taka ta ya sani. Wata ɗaya Manaja ya ba ta na gwaji. In ya ga da kyau kujera ta zama tata, in bai gani ba ta koma cusa fakiti. Shekara goma sha ɗaya tana cusa fakiti, ba ta da niyyar ƙara ko yini guda.

Aikin farko da ya faɗo mata shi ne awon sabon yunifom. Masu duba tsafta za su zo ƙarshen wata, kowa kuma sai ya bayyana cikin farar riga da farin wando. Aka raba fom, aka ce kowane layi ya je wurin Nas ta auna shi.

A nan gizo ke saƙar. Nas ta yi shekara ashirin kusa da ƙarar injina, ba ta iya magana a hankali ba. Ɗakinta kuma ba ya ɗaukar mutum uku, a baranda take awo, gaban masu dakon kwali. Ga wata al'ada tata: ko ciwon haƙori ya kawo ka, sai ka hau sikeli. Bara ta ɗora Barkono a kai, ta sanar wa duk barandar cewa kilo sittin da uku ne, ta ƙara da cewa ga mai irin wannan tsawo ya kamata a riƙa lura. Tun daga ranar Barkono ta yanke hukunci cewa sikelin maƙaryaci ne. Tana da hujja. Shekara tara ƙugunta na kan inci talatin da huɗu, bai motsa ba, kuma a rubuce yake a littafin Goggo.

Goggo ƙanwar mahaifinta ce, tela, mai shago a bayan tashar mota. Duk matan layi na huɗu a wurinta suke ɗinki, don ita kaɗai ba ta yi wa gajeriyar mace rigar da kafaɗa za ta sauko gwiwar hannu. Barkono ta je da yamma, ta tarar Goggo ta fita sayen zare, ta buɗe littafi ta kwafe awon su biyar ɗin tsaf. Washegari, sauran layuka na kan layin baranda suna jin asirinsu yana tashi sama, layi na huɗu ya riga ya miƙa fom. Manaja ya ce haka ake son shugaba.

Ranar Alhamis kaya suka iso. Masu duba tsafta kuwa ranar Litinin.

A ɗakin canza kaya matan layi na huɗu suka fara gwaji. Sai muryar Amarya, wadda ta yi shekara goma sha biyu da aure sunan bai bar ta ba.

"Jama'a, ku zo ku gani! Wando ya yi mini kaɗan a tsawo!"

Idon sawunta a waje, har da ɗan ƙwauri. Ta juya gaban madubi tana murmushi, don tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa sa wandon da ba a nannaɗe ƙafarsa ba.

"Sai ki rufe zif ɗin mu gani," in ji Uwar Biyu daga kusurwa. Ita nata wandon a cinya ya tsaya, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Zif bai rufu ba. Na Doguwa ma haka, wadda ake kira Doguwa saboda ita ce ta ce ta cika ƙafa biyar. Auta, ƙaramarsu, ta sami shiga rigarta, amma hannayenta suka tsaya a buɗe kamar kazar da ruwa ya doka. Barkono ta shaƙe numfashi, ta ja maɓallin wandonta iya ƙarfinta. Tsakaninsa da ramin akwai faɗin yatsu huɗu.

Ta kwashi kayan sai ofis.

"Yallaɓai, masu ɗinkin nan sun cuce mu. Kayan yara suka aiko."

Manaja bai ɗago daga takardunsa ba. "Layi uku sun gwada nasu, ba wanda ya yi ƙorafi. Ranar Litinin duk layin da ba ya cikin farin kaya zan rufe shi. In na rufe layi kuma, ba sai na faɗa miki abin da zai sami shugabarsa ba."

Daga nan ta nufi sito. Mai Sito dattijo ne da ba ya gardama da kowa, aunawa yake yi. Ya shimfiɗa wandon a kan kanta, ya zaro tef ɗinsa na ƙarfe irin na kafintoci, ya auna, ya ninka, ya duba fom.

"Talatin da huɗu kika rubuta, 'yata. Talatin da huɗu suka ɗinka. Ko zare ɗaya ba su ci miki ba."

"To me ya sa bai shige ni ba, Baba?"

Ya dube ta, ya dubi wandon, ya ga tsufansa bai kai ya amsa wannan tambaya ba. Sai ya miƙa mata tef ɗin. "Ki dawo mini da shi gobe."

Ana tashi daga aiki ta wuce shagon Goggo. Ta same ta tana taka keke, allura biyu a baki, tef ɗin awonta rataye a wuya. Tef ne na yadi, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. Lambobinsa sun koɗe, wasu ma Goggo ce ta sake bin su da biro.

"Goggo, ara mini abin wuyan nan."

Ta shimfiɗa shi a teburin yanka, ta ja na ƙarfe a gefensa. A inci goma sun ɗan saɓa. A ashirin sun yi hannun riga. Inda na Goggo ya ce talatin da huɗu, na ƙarfe ya ce talatin da bakwai.

Goggo ta cire allurai daga baki, ta soke su a hannun rigarta. "To, sai aka yi yaya?"

"Kin sani?"

"Ni da nake wanke shi ina shanya shi shekara talatin? Yadi ne, 'yar nan. Yadi miƙewa yake yi."

"Shekara tara kina ce mini talatin da huɗu!"

"Kina ƙaruwa, yana ƙaruwa. Tare kuka girma. Na taɓa yi miki rigar da ta matse ki?"

Barkono ta tuna rigunanta. Ba a taɓa yi ba.

"Da shi nake aunawa, da shi nake yankawa," in ji Goggo. "Ko ɗari ya ce, rigarki daidai za ta fito. Lambar ta cikin shagon nan ce, ba ta fita waje. Wa ya aike ki ki kai ta kamfani?"

"Da kin gaya mini."

"In gaya miki me? Doguwar mace ta ƙara kilo biyar, ya bi tsawo ya ɓace, mijinta ma bai sani ba. Ku kuwa kilo biyu kuka ƙara, ba shi da wurin zuwa sai ƙugu. Mace ta shigo nan ranta a ɓace, ta fita tana murmushi, rigarta kuma ta zauna mata. Wa na cuta?"

Barkono ba ta da lokacin shari'a. Ta zazzage kayan a tebur. "A buɗa su."

Goggo ta juya wandon, ta duba kalmasa, ta duba ɗinkin gefe, ta girgiza kai. "Da me? Gajeriyar mace ba ta rasa yadi, a ƙafar wandonta yake. In yanko daga ƙasa, in ƙara a gefe. Wannan kuwa ko tsawon bai kai ba. Ku samo manya. Babba ana rage shi, ƙarami sai dai a yi kyauta da shi."

Manyan suna nan. Da safe Mai Sito ya nuna mata su a saman kanta, rarar na maza masu dakon kwali, kowane wando ya kusa kai mata wuya. Amma ya dafa su da hannu.

"Ba sa fita sai da sabon fom. Da sa hannun Nas. Jiya Manaja ya kafa dokar, kin kuma san saboda wa."

Ta koma layi ta faɗa musu. Uwar Biyu ta ce gara a rufe layin. Amarya ta ce ita dai tana jin zazzaɓi. Doguwa ta ce ai shugaba ita ce ta jawo, sai ta san yadda za ta yi. Barkono ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ga ba wadda za ta motsa. Ta cire hula, ta cire takalmi, ta nufi baranda da safa. Can ta ji takunsu a bayanta, ba don biyayya ba, don kallo.

Lokacin shan shayi ne, masu dakon kwali sun cika benci. Barkono ta tsaya gaban Nas, ita kuma ta zaro tef ɗinta sabo fil na roba, ta zagaya ƙugun Barkono da shi.

"Ƙugu, talatin da bakwai!"

Muryar Nas ta tafi har bakin get. Barkono ta tsaya ƙyam tana jiran dariya. Wani a benci ya tambayi na kusa da shi ko akwai sauran sukari.

"Kwankwaso, arba'in da biyu! Hau nan. Kilo sittin da huɗu! Bara sittin da uku ne. Ina ce na ce ki riƙa lura?"

"Na lura, Nas. Ga shi ɗaya kawai ya ƙaru."

"Ki riƙa hawa bene da ƙafa. Na gaba!"

Ba wadda ta taso. Barkono ta sa takalminta a tsanake, ta ce, "Ni dai na fita. Wadda ba ta zo ba, mun san nata ya fi nawa ke nan."

Kafin ta rufe baki Amarya ta warke daga zazzaɓi. Talatin da shida aka samu, ta kuwa yi ta juyi tana cewa shugaba ta fi ta da inci guda. Uwar Biyu ta zo da arba'in da ɗaya, ta ce a raba uku, kashi biyu na tagwaye ne. Auta ta wuce ba labari. Doguwa ce ta gamu da sharrin ranar. Ta ce tunda an zo, a auna tsawonta a rubuta, kowa ya huta. Nas ta jingina ta da bango, ta danne gashin da rula.

"Ƙafa huɗu, inci goma sha ɗaya da rabi!"

A nan ne benci ya yi dariya. Uwar Biyu ta ce daga yau sunanta Saura Kaɗan.

Asabar da Lahadi keken Goggo bai huta ba. Su biyar suka zauna a shagon suna farke ɗinki, ita tana aunawa da tsohon tef ɗinta, tana yankawa da shi. Abin da aka yanke daga ƙafafun wanduna ya cika buhu. Kafin yammacin Lahadi kowace ta tsaya gaban madubi, ta ɗaga hannu, ta tsuguna, ta miƙe, ba abin da ya yi ƙara.

Ranar Litinin masu duba tsafta suka zo su uku. Minti shida suka yi a layi na huɗu. Suka duba farce, suka duba huluna, ɗaya ya tambayi dalilin da teburin ya yi ƙasa haka, ya dubi matan, ya janye tambayarsa. Da rana Manaja ya aiko wa Barkono takarda. An cire "riƙon ƙwarya" daga gaban muƙaminta. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya da biro, cewa nan gaba fom ɗin kamfani a kamfani ake cika shi.

Bayan sati biyu ta kai wa Goggo yadi, ta haɗa mata da sabon tef na roba a leda. Goggo ta yi godiya, ta yaba kyansa, ta ɗaure labulen taga da shi. Sannan ta ciro na wuyanta.

"Ɗaga hannu."

Barkono ta ɗaga. Tef ya zagaya, Goggo ta kanne ido ɗaya tana neman lambar da ta koɗe.

"Talatin da huɗu," ta ce, ta jawo littafi.

"Rubuta," in ji Barkono. "Amma ki sa da bakwai a gefe."

"Da biro?"

Barkono ta ɗan yi tunani.

"Da fensir."